Me ya sa aka rage min maki alhali amsar kalkuleta na rubuta?

Sabuwar_Ɗaliba:
Salam 'yan uwa, don Allah a taimaka min. Yau muka yi firaktikal na farko a kemistiri, aka ba mu wani ɗan guntun ƙarfe mu nemo densiti ɗinsa, wato nauyinsa a raba da girman wurin da ya cike. Na ɗora a sikeli ya ba ni giram 12.5, na jefa cikin silindar awon ruwa, ruwan ya tashi daga 20.0 zuwa 24.6, kenan mililita 4.6, na raba a kalkuleta na samu 2.7173913 kuma haka na kwafe dukka amma malam ya zagaye da jan biro ya cire min maki biyu. Ina laifina?

Mai_Sinadari:
Wa alaikissalam ƙanwata. Lissafinki daidai ne, rubuta amsar ne matsalar. Silindar nan iyakar abin da ta iya gaya miki shi ne 4.6, lambobi biyu kacal, to ta yaya amsa za ta fito da lambobi takwas? Kalkuleta bai san da wane irin ma'auni kika auna ba, shi dai rabawa yake. A ninkawa da rabawa, amsa tana bin wanda ya fi ƙarancin muhimman lambobi, wato lambobin da awo ya bayar da gaske, 12.5 uku ne, 4.6 biyu, sai ki rubuta 2.7 g/mL, wato giram a kowace mililita. Kuma kin saka g/mL ɗin ma kuwa? Don ina zargin maki ɗaya a nan ya tafi. Af, 2.7 ai densitin alminiyam ne, da alama awonki ya yi kyau.

Sabuwar_Ɗaliba:
Kai, wallahi ban saka ba. To sifili fa? Shi ke rikita ni, 0.0050 lambobi nawa ne?

Mai_Sinadari:
Biyu. Sifilin da suka zo kafin 5 wuri kawai suke riƙewa, na ƙarshen kuwa an auna shi ne, ana ƙirgawa. Rubuta shi 5.0 × 10⁻³ za ki ga abin a fili.

Tsohon_Lab:
Ni abin da ya fi damuna da ɗalibai ba kalkuleta ba ne, karatun silinda ne. Sai ka ga mutum a tsaye yana leƙo ta sama ko ya ɗaga ta a hannu tana rawa. Ki ajiye ta kan tebur, ki durƙusa idonki ya yi daidai da saman ruwan, ki karanta ƙasan lanƙwasar nan da ruwa ke yi, ba gefen da ya hau jikin gilas ba. A mililita 4.6, kuskuren 0.2 kaɗai ya isa ya mai da 2.7 ɗinki 2.6 ko 2.8. Sannan kar ki datse lambobi a tsakiyar lissafi, ki bari sai amsar ƙarshe. Kuma ki riƙe cewa 1 mL daidai yake da 1 cm³, don wasu littattafan g/cm³ suke rubutawa kar ki ɗauka wani abu ne daban.

Sabuwar_Ɗaliba:
Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Sati mai zuwa biuret za mu taɓa, dogon bututun gilas ɗin nan na awon ruwa mai famfo a ƙasa, ita ma ƙasan lanƙwasar ake karantawa?

Tsohon_Lab:
Eh, amma ki lura ita sifilinta a sama yake, lambobin ƙaruwa suke yi suna gangarowa ƙasa.