Zambon Mark Twain a kan mulkin mallaka da mishan

Tambaya: 'Yan'uwa, wace dabara Mark Twain, marubucin Amurka, ya bi a maƙalarsa ta Fabrairun 1901 wajen yi wa 'yan mulkin mallaka da 'yan mishan zambo?

Amsa: Malam, bakin 'yan kasuwa ya ara. Ya mai da wayewa haja: marfinta adalci da tausayi, cikinta kuwa bindiga da ƙwacen ƙasa, kamar abin da Amurka ta yi a Filifin.

Amsa: Ya kuma dogara da rahoton jarida cewa Rabaran William Ament, wani ɗan mishan Ba'amurke, ya karɓi diyya a ƙauyukan Sin bayan boren Boxer (tawayen da wasu 'yan Sin suka yi wa baƙin ƙasashen waje da Kiristoci), da tara ninki 13. Nan aka samu tangarɗa: kuskuren tangarahu ne, ƙarin sulusi ake nufi.

Amsa: Haka ne. A Afrilu ya sake rubutu, ya ce sulusin ma sata ce, tunda har marasa laifi aka tatsa.