Ciwon gefen dama mai zuwa yana komawa

Maman 'Yan Biyu: Assalamu alaikum 'yan uwa, a taimaka min da shawara. Ƙanwata ce, wata 4 ke nan ciwo na cin ta a ƙasan ciki ta gefen dama. Sai ya yi kwana biyu ya lafa, bayan sati uku ya dawo. Ta sha maganin taifot sau biyu, ta sha na olsa, shiru.

Hajiya Babba: Wa alaikumus salam. Allah ya ba ta lafiya. Anya ba sanyi ba ne?

Kawu Direba: 'Yata, kada ku yi sake. Haka nawa ya fara. Duk sanda mota ta faɗa rami sai in ji kamar an soka min tsinke can ƙasa, tari ma sai na dafe wurin. Na daɗe ina zarya kemis. Ranar da amai da zazzaɓi suka haɗu aka kwashe ni asibiti, likita ya ce afendis ne, saura ƙiris ya fashe.

Anti Nas: Kawu ya faɗi gaskiya. Afendis ɗan guntun hanji ne kamar ƙaramin yatsa, a manne da farkon babban hanji. In bakinsa ya toshe gaba ɗaya, cikin kwana ɗaya ko biyu ciwon ke tasowa gadan-gadan. Amma akwai wanda toshewar rabi-rabi ce, ya kumbura ya sace, ya sake kumbura. Irin wannan ba shi da yawa, shi ya sa ake ɗaukar sa wata cuta daban. Ki kai ta wurin likitan tiyata ranar da ciwon ya motsa, a yi gwajin jini da na fitsari da sikanin na ciki. In bai nuna ba, likita kan tura hoton CT, wato hoton na'ura mai nuna kayan ciki dalla-dalla. Tunda mace ce, a duba ƙwan mahaifa, a yi gwajin juna biyu. In ya tabbata afendis ne, cire shi ake yi.

Hajiya Babba: To kafin nan, ko a ba ta maganin wankin ciki, a gasa wurin da ruwan zafi?

Anti Nas: A'a Hajiya, don Allah kada a yi ko ɗaya. In cikin ya yi tauri kamar katako, ko zazzaɓi da amai suka shigo, ko tsakar dare ne a nufi asibiti, kada a ba ta abinci.

Maman 'Yan Biyu: Na gode Anti. Tun jiya da yamma ya motsa mata, yanzu zan kira mai gidanta mu tafi.