Tun da ya tsira daga haɗarin mota maigidana ya canza, me zan yi?

Uwar Biyu: Assalamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema. Watanni da suka wuce maigidana ya yi haɗarin mota, wanda ke zaune kusa da shi nan take ya rasu. Shi karaya ya samu a hannu, kuma ta warke. Amma tun daga nan ya zama wani mutum daban. Cikin dare sai ya zabura yana gumi, ya ce ya sake ganin abin. Ko ƙofa aka buga da ƙarfi sai jikinsa ya hau rawa. Ya daina tuƙi, ga saurin fushi da yara, abin da ba halinsa ba. Yanzu har Valium yake sha don ya samu barci, kuma ba likita ya rubuta masa ba. Yayansa ya ce in matsa masa ya ba ni labarin komai ya huce, mahaifiyarsa kuma ta ce kada a ƙara tayar da zancen. Wa zan bi? Ciwo ne wannan ko raunin zuciya?

Abu Ammar: Allah ya jiƙan mamacin, shi kuma ya ba shi lafiya. Ni a ganina ki bi maganar mahaifiyarsa, a hankali zai manta.

Anti Nas: Abu Ammar, da kwana goma ne da faruwar abin da na yarda da kai, don yawancin mutane firgicin kan lafa da kansa cikin makonnin farko. Amma idan ya wuce wata guda yana hana mutum barci da aiki, likitoci kan fara zargin PTSD, wato ciwon firgici da ke biyo bayan mummunan tashin hankali. 'Yar uwa, ni ma'aikaciyar jinya ce a sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma abin da kika lissafa shi muke dubawa: abin ya riƙa dawo wa mutum a mafarki ko a farke, ya riƙa gudun duk abin da ke tuna masa, jikinsa kullum a ɗarare. Wasu har da zargin kai, wai me ya sa su suka rayu wani ya mutu. Likita ne dai zai tabbatar bayan ya gan shi.

Ba raunin zuciya ba ne. Akwai wani ɗan sashe a ƙwaƙwalwa, amigdala, mai kaɗa ƙararrawa idan an shiga haɗari. Bincike ya nuna a masu wannan ciwo yana aiki fiye da kima, shi kuwa sashen gaban ƙwaƙwalwa da ya kamata ya ce masa komai ya wuce, aikinsa ya yi sanyi. Shi ya sa ƙarar ƙofa ke mayar da shi cikin motar nan. Tun 1980 likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka suka sa ciwon a kundinsu, bayan abin da aka gani ga sojojin da suka dawo daga yaƙin Biyetnam. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta kusan kashi 70 cikin 100 na mutane kan gamu da mummunan tashin hankali a rayuwarsu, amma kusan kashi 5.6 ne daga cikinsu ke kamuwa. Samun goyon bayan iyali na daga cikin abin da ke rage haɗarin, don haka rawarki babba ce.

Uwar Biyu: Na gode Anti. To in matsa masa ya yi magana ke nan?

Anti Nas: A'a, kada ki matsa. Ko a asibiti an daina ba da shawarar zaunar da mutum a sa shi ya amayar da komai a zama ɗaya, don an gano bai hana ciwon. Amma binne zancen ma ba gyara ba ne. Duk ranar da ya guje wa mota yana samun sauƙi na ɗan lokaci, ƙwaƙwalwarsa kuma ta ƙara yarda cewa mota halaka ce. Wannan gudun shi ke raya ciwon. Ke dai ki nuna masa kunnenki a buɗe yake duk sanda ya so, tonon kuma ki bar wa ƙwararre.

Tsohon Soja: Ƙanwata, na sha wannan ruwan. Abin da ya taimake ni shi ne CBT, wato magani ta hanyar tattaunawa da ƙwararren mai ba da shawara don gyara tunani da ɗabi'a, irin wanda aka tsara don firgici. Mai ba da shawarar ya sa na riƙa ba da labarin daki-daki, muna maimaitawa har zafin ya ragu, sannan na fara tunkarar wuraren da nake gudu, daga mai sauƙi zuwa mai wuya. Zaman farko-farko ba daɗi, kada ya gudu a nan. Wata dabara: kada ki ce masa "kana da taɓin hankali". Ki ce ku je a duba matsalar barcin, namiji ya fi saurin yarda da wannan.

Malam Mai Nazari: Ƙari a kan na Soja, irin wannan magani yawanci zama 8 zuwa 12 ne. Akwai kuma EMDR, wanda Francine Shapiro ta ɓullo da shi a ƙarshen shekarun 1980, inda mutum ke tuna abin yana bin yatsan likita da ido hagu da dama. Masana na ta muhawara kan ko motsin idon ne ke aikin, amma hanyar kanta gwaje-gwaje sun nuna tana da amfani. Idan ana buƙatar ƙwaya, likita kan rubuta irin su Zoloft ko Paxil, kuma sai sun yi makonni kafin a ga tasirinsu.

Anti Nas: Saura batun Valium, wanda ya fi damuna. Ba ya warkar da wannan ciwo, jiki kuma na saurin sabawa da shi. Idan ya daɗe yana sha kullum kada ya yanke farat ɗaya, hakan na iya jawo jijjiga. Ku gaya wa likita adadin da yake sha a rage masa sannu a hankali. In kuwa kika ji ya fara cewa gara ma da shi ne ya mutu, ko yana zancen kashe kansa, kada ki bar shi shi kaɗai, ku tafi asibiti a ranar.