Naɗe tankin ruwan zafi da bututunsa: ina ake rufewa, ina ake bari?

Mai Tambaya: Assalamu alaikum, masana aikin famfo. Tankin lantarki ne mai lita 100. In an kashe shi da dare, kafin asuba ruwan ya huce, jikinsa kuma da ɗumi in an taɓa. Bututun da ke fita na tagulla ne, milimita 22, tsirara. Da me ake naɗe su, kuma kauri nawa?

Mai Famfo: Wa alaikumus salam, Malam. Ɗumin nan da hannunka ke ji, zafin ruwanka ne ke zurarewa. Tankin da aka cusa wa soso mai kauri tun daga masana'anta ba ya yin haka, shi ƙarin bargo ba ya amfana masa da wani abin kirki. Naka kam yana so.

Fara kashe wuta daga babban makunni. Sannan ka duba yoyo a kowace mahaɗa, domin bargo in ya jiƙe ya tashi daga aiki, sai ma ya ɓoye tsatsa tana cin ƙarfe ba ka sani ba. Nemi bargon audugar gilas mai kaurin milimita 80, ka sa safar hannu da takunkumi, ƙaiƙayinta ba daɗi. Kada ka ɗaure shi tamau. Iskar da ke maƙale cikin audugar ita ke tare zafi, in ka matse ta ka kore ta. Ka yanke gurbi wurin murfin waya da na'urar daidaita zafi, da bawul ɗin rage matsi tare da bututunsa, da famfon zubar da ruwa na ƙasa. In aka toshe murfin waya, wayoyin kan yi zafi har robarsu ta lalace.

Injiniya: Bututun ma ba ƙaramin ɓarawo ba ne, tagulla na saurin jan zafi ko ba a buɗe famfo ba. Sayi soso mai tsaga wanda raminsa 22 ne cif, kauri 13 zuwa 25. In ramin ya yi wa bututun yawa, iska za ta riƙa yawo a ciki. Naɗe aƙalla mita ɗaya na farko daga tanki, har da bututun ruwan sanyi, don zafi na bin sa shi ma. Tsagar ta kalli ƙasa, a ɗaure duk bayan santimita 30. A gwiwa, yanka bakin kowanne a karkace, digiri 45, su haɗu ba kafa, ka bi da salatif na alminiyum. Wanda ke waje a lulluɓe shi, rana na mayar da soso gari.

Kuma kada a ce tun da an naɗe sai a rage zafi sosai. A bar shi digiri 60. Ƙwayar cutar Legionella na hayayyafa tsakanin 20 da 45.

Mai Walda: Wanda nasa na gas ne kada ya ɗauki wannan bayani kai tsaye. Ba a rufe samansa, ba a rufe kafofin shan iska na ƙasa. In wuta ta rasa iska, hayaƙi mai guba marar wari take fitarwa. Soso kuma ya nisanci bututun hayaƙi da santimita 15. Kusa da shi audugar gilas ake sawa, a ɗaure da waya.