LinkedIn na kyauta: yaya ake neman canjin aiki da shi ba tare da maigida ya sani ba?

Ɗan Aboabo

Assalamu alaikum, yayyena da iyayena na wannan zaure. Tambayata a kan LinkedIn ce. Mutum yana da aiki a hannu a nan Kumasi, ɓangaren lissafi da kula da sito, yana so ya nemi wani a Accra ko Tema ba tare da labari ya kai kunnen maigidansa ba. Shafin nasa suna ne da hoto da makaranta kawai. Kullum manhajar tana tallata masa Premium. Shin dole sai an biya kafin a amfana? In ba dole ba ne, waɗanne abubuwa ne ke cikin asusun kyauta da yawancin mutane ba su sani ba, kuma da wanne ake farawa?

Malamin Kwamfuta, Adum

Wa alaikumus salam, ƙanina. Ba dole ba ne. Amma kada ka taɓa ko harafi ɗaya a shafin tukuna, saituna za ka fara shiga, don a nan ne asirin yawancin mutane ke tonuwa.

Danna hotonka, ka shiga saituna, ka nemi sashen “Visibility”. A ƙasa akwai layin da ke maganar sanar da mutanenka canje-canjen shafinka. Kashe shi. In yana kunne, duk lokacin da ka ƙara wurin aiki ko karatu, LinkedIn na iya shelanta wa waɗanda kuke haɗe, har abokan ofis su fara taya ka murnar abin da ba ka faɗa ba. Ka kuma lura, a cikin akwatin da ake gyara bayanin aiki akwai wani ɗan makunni na sanarwa na daban, ka duba shi kafin ka adana. Kashe waɗannan yana hana shela ne kawai. Wanda ya shigo shafinka da ƙafarsa zai ga gyaran. Kuma duk abin da ka yi wa tsokaci ko ka danna wa alamar so yana fitowa a sashen ayyukanka, don haka kada ka bi tallan aiki kana rubuta “ina so” a ƙarƙashinsa.

Na biyu, maɓallin “Open to” da ke ƙarƙashin sunanka. In ka zaɓi neman aiki, zai tambaye ka sunayen muƙaman da kake so, har guda 5, da garuruwa, sannan wa zai gani. Na kowa da kowa shi ne mai sa koren zobe a hotonka, wannan ba naka ba ne. Akwai kuma na masu ɗaukar ma'aikata kaɗai, wato waɗanda kamfaninsu ke biyan kuɗin LinkedIn Recruiter. LinkedIn yana ƙoƙarin ɓoye alamar ga masu ɗaukar ma'aikata na kamfanin da kake ciki, amma shi da kansa ya ce bai ba da tabbaci ba. Inda ake samun matsala: na'urar tana gane kamfaninka ne in ka zaɓe shi daga jerin da ke saukowa lokacin rubutawa, har tambarinsa ya fito a shafinka. In da hannu ka rubuta sunan, ya bar ɗan akwati mai launin toka, to ba ta san wa za ta ɓoye wa ba. Haka nan in wurin aikinku yana ba wani kamfani na waje kwangilar nemo masa ma'aikata, su za su iya gani.

Na uku, leƙen shafukan mutane. A sashen “Visibility” dai akwai zaɓi uku: a gan ka da sunanka, a ga sifarka kawai kamar “wani mai lissafi a Kumasi”, ko a ga ba kowa. A asusun kyauta, in ka ɓoye kanka, kai ma an rufe maka ganin waɗanda suka leƙa naka. Shawarata: ka ɓuya a ranar da za ka yi binciken kamfanoni da manajojinsu, in ka gama ka dawo fili. Leƙen da ka yi a ɓoye yana zama a ɓoye ko bayan ka dawo.

Hajiya ta Asawase

Malam ya rufe maka ƙofofi, bari ni in faɗa maka yadda abin yake a ɓangaren mai ɗaukar ma'aikaci, ɗana.

Ba a karanta shafuka ɗaya bayan ɗaya, kalmomi ake bugawa a nemo mutane. Layin da ke ƙarƙashin sunanka yana ɗaukar haruffa 220, kuma yawanci ana ɓata shi da “mai neman dama” ko sunan makaranta. Babu mai buga wannan a wurin nema. Ka sa sunan aikin yadda ake rubuta shi a tallan aiki na Ghana, da manhajojin da ka iya, misali Excel, QuickBooks, Tally ko Sage, in da gaske ka iya su. In kana kan hanyar jarrabawar ƙwararrun akantoci ta ICAG ko ACCA, ka faɗi matakin da ka kai, kada ka rubuta kamar ka gama. Garin da ka sa a shafi ma yana tace ka: wanda ya taƙaita nemansa ga Accra ba zai ga mutumin Kumasi ba. Maganin ba ƙarya ba ce, ka bar Kumasi a shafi, ka sa Accra da Tema cikin garuruwan da Malam ya ambata.

Abin da ya shafe mu musamman mu 'yan Zango shi ne rubutun suna. Mutum ɗaya sai ka ga Mohammed a Ghana Card (katin shaidar ɗan ƙasa), Muhammad a CV, Mahamadu a takardar makaranta. Ka sa wanda ke kan katinka, sauran ka sa a gurbin ƙarin suna da ke cikin akwatin gyara, inda kake iya zaɓar wanda zai gan shi. Akwai kuma wurin ɗaukar muryarka kana faɗin sunanka, daƙiƙa 10, a manhajar waya kaɗai ake ɗauka, sai ƙaramar alamar lasifika ta fito kusa da sunan. Ga mai suna irin Abdul-Mumin ko Zulƙarnaini, yana rage wa mai kira jin nauyi.

Sai “Easy Apply”, maɓallin tura takardar neman aiki daga cikin LinkedIn, inda ake yawan faɗuwa ba a sani ba. Tambayoyin da ke fitowa kafin ka tura ba ado ba ne. Mai tallan na iya sa wasu a matsayin sharaɗi na dole, kuma ya saita cewa duk wanda amsarsa ba ta kai ba a ajiye shi gefe kai tsaye, ba tare da ido ya faɗa kan takardarsa ba. In an tambayi shekarun ƙwarewa, lamba ake so, kuma shekarar bautar ƙasa aiki ce in a fannin ka yi ta, ka ƙirga ta. Sannan LinkedIn yana ajiye CV ɗin da ka tura a baya, yakan zaɓo maka tsohon da kansa. Ka duba sunan fayil kafin ka danna, ka goge tsofaffin a saitunan neman aiki.

Wanda ya iya Faransanci, ya buɗe shafinsa a kwamfuta, a gefen dama akwai wurin ƙara shafi da wani harshe. Ba fassara yake yi maka ba, kai za ka rubuta. Amma mai nema daga Lome, Wagadugu ko Abijan da ya sa LinkedIn ɗinsa a Faransanci, wannan zai gani. Babu Hausa a jerin, akwai Larabci.

A kan koren zobe kuwa, na yarda da Malam a kanka kai kaɗai. Wanda ya gama bautar ƙasa yana zaune a gida, ya sa abinsa, babu abin kunya a ciki.

Injiniya na Tech Junction

Ni a kan nema zan yi magana, don a nan ne Premium ya fi yaudarar mutane.

Akwatin nema yana jin umarni. Kalmomi biyu a cikin alamar zance suna fitowa tare: “accounts officer”. OR tana faɗaɗawa, AND tana haɗawa, NOT tana cirewa, kuma dole a rubuta su da manyan baƙaƙe, in ba haka ba sai ya ɗauke su kalmomi na yau da kullum. Misali: "accounts officer" OR "stores officer" NOT intern. Ka gwada wannan a sashen ayyuka, sannan ka gwada a sashen rubuce-rubucen mutane ka tace zuwa na makon nan, don manajoji da yawa a Ghana ba sa biyan kuɗin talla, rubutu kawai suke yi a shafinsu su ce ana neman mutum.

Ga wata dabara ta adireshi. A burauza, ka nemi aiki ka tace zuwa awa 24 da suka wuce. A cikin adireshin da ke sama za ka ga f_TPR=r86400. Wannan lambar daƙiƙoƙin kwana ɗaya ce. Mayar da ita r3600, ka samu na awa ɗaya. In r14400 ce, awa huɗu. Amfaninsa shi ne ka shiga sahun farko kafin takardu su taru. Ka kula da waɗanda aka rubuta an sake sakawa, tsoffin tallace-tallace ne da aka sabunta. Kuma kada adadin masu nema ya karya maka gwiwa: in tallan yana kai mutum shafin kamfani ne, waɗanda suka danna maɓallin ake ƙirgawa, ba waɗanda suka cika takarda ba. Neman da ya yi maka daidai, ka kunna masa ƙararrawa ta kullum.

Abin da na fi ganin an yi sakaci da shi shi ne shafin makaranta. Buɗe na KNUST, ko Legon, ko Kumasi Technical University, ka danna “Alumni”. Zai jera maka tsofaffin ɗalibai bisa garin da suke, kamfanin da suke, abin da suka karanta da shekarun da suka yi. Tace zuwa Tema da fannin lissafi, ga mutanen da kuke da abin buɗe magana da su. Haka in kuna rukuni ɗaya da mutum, kana iya tura masa buƙatar saƙo ko ba ku haɗu ba, abin da wasu ke biyan kuɗin InMail, saƙon LinkedIn na kuɗi, dominsa.

Iyakoki dai suna nan. Gayyata tana tsayawa a wajen 100 a mako. Ɗan bayanin da ake haɗawa da gayyata, asusun kyauta yana da 'yan kaɗan ne a wata, ka ajiye su don waɗanda suka fi muhimmanci. In mutane da yawa suka danna cewa ba su san ka ba, ana iya taƙaita asusunka. In ka janye gayyata, sai bayan mako 3 za ka iya sake tura wa mutumin. Neman mutane da yawa kuma yana kai ka ga shingen da suke kira na amfanin kasuwanci, sakamako ya ragu har sai ranar 1 ga wata. Neman mutum da sunansa da neman aiki ba sa shiga wannan lissafi.

Ɗan Aboabo

Allah ya saka da alheri, Malam, Hajiya, Yaya Injiniya. Abu biyu: a waya ban ga inda adireshin yake ba. Sannan yaya ake gane mai ɗaukar ma'aikata na gaske? Ana yawan jin masu cewa a tura kuɗin fom ta MoMo, wato kuɗin waya.

Injiniya na Tech Junction

Manhajar ba ta da wurin adireshi. Buɗe Chrome, ka zaɓi tsarin kwamfuta daga ɗigo ukun da ke sama, sannan ka shiga. In wayar ta ci gaba da jefa ka cikin manhaja, ka ajiye adireshin da ka gyara a cikin alamomin burauza ka riƙa buɗewa daga can. Tun da kana cikin saituna, kashe bidiyo mai kunna kansa, shi ne ke shanye data.

Hajiya ta Asawase

Ɗana, duk wanda ya ce ka tura kuɗin fom, ko na gwajin lafiya, ko na ajiye maka gurbi kafin a gan ka, ka rufe maganar, ko sidi 20 ne. Kafin ma a kai can, shiga shafinsa ka danna ɗigo uku ko maɓallin ƙari da ke kusa da na saƙo, ka buɗe bayanin asusun. Zai nuna maka lokacin da aka buɗe shi, da ko an tantance imel ɗin wurin aikinsa. Babban manaja mai asusun wata biyu da mutum 40, ka san da sake. Sai ka je shafin kamfanin da ya ambata, sashen mutane, ka ga ko yana cikinsu. Wannan kaɗai bai isa ba, don kowa na iya rataya sunan kamfani a shafinsa. Ka duba ko aikin yana shafin intanet na kamfanin, kuma imel ɗin da ya ba ka ya ƙare da sunan kamfanin, ba Gmail ba. Wanda ke gaggawar jan ka zuwa WhatsApp ko Telegram daga saƙon farko, gudun a kai ƙararsa yake yi. Kada ka tura hoton Ghana Card ko fasfo a wannan mataki.

Malamin Kwamfuta, Adum

Ƙari kan na Hajiya. Irin waɗannan sukan turo adireshi su ce ka shiga ka ga bayanin aiki, shafin ya fito kamar na LinkedIn ya nemi kalmar sirri. Kunna tantancewa mai mataki biyu a sashen tsaro, kuma ka zaɓi manhajar lambobi maimakon saƙon tes, don in layinka ya ɓace ko aka yi masa canjin sim ba ka rasa asusun ba. Babban imel na asusun ya zama naka na kanka, ba na ofis ba, don ranar da ka ajiye aiki za a rufe wancan, saƙonnin neman aikinka ma ta akwatin maigida suke bi.

Ba a fafe gora ranar tafiya: a sashen sirrin bayanai akwai wurin neman kwafin bayananka. Jerin mutanenka kaɗai yakan zo cikin mintuna, cikakken kundin yakan kai awa 24. Fayil ne da Excel ke buɗewa, da suna, kamfani, muƙami da ranar da kuka haɗu. Gurbin imel za ka ga yawancinsa fayau, sai na waɗanda suka yarda a saitunansu. Ka jera shi bisa kamfani, ka fitar da waɗanda ke Accra da Tema, su za ka fara yi wa sallama.