Musayar Waƙa: Ina Za Mu Kai Auta?

Yayar Auta, daga Kano:

Da sunan Allah nake kawo kukana gare ku,
Ku saurare ni cikin waƙa, ya ku 'yan uwa.

Autanmu ne, yaro mai ladabi da son karatu,
Shekararsa 16 ke nan cif da haihuwa.

Da Baba ya rasu sai ya ajiye littattafansa,
Ya koma dako, yana tura baro a kasuwa.

A can wani babba ya miƙa masa tiramol,
Ya ce ita ke kashe gajiya da ciwon gwiwa.

Ya fara da ɓari ɗaya, yau sai ya haɗiye uku,
Ya kora da kodin cikin lemo kafin fitowa.

Muryarsa ta yi nauyi, idanunsa sun kaɗa,
Yana magana yana gyangyaɗi, yawu na zubowa.

Keken ɗinkin Inna ya ɗauka ya sayar,
Da aka tambaye shi ya musa, har da rantsuwa.

Ranar Juma'a ya faɗi a soro yana shure-shure,
Da kumfa a baki, jikinsa duka yana karkarwa.

Inna ta daina cin abinci, ni na daina barci,
Ina za mu kai shi? Ku taimake ni da amsawa.

Baba Dattijo, daga Katsina:

Allah ya jiƙan mahaifinku, ya ba Innarku dangana,
'Yata, na ji kukanki, ga tawa gudummawa.

Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi,
Ya haramta duk mai sa maye, ba mai musantawa.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi,
In ya bushe, 'yata, babu saura sai karyewa.

A zamaninmu yaron da ya gagara gidan mari ake kai shi,
A sa masa ƙarfe a ƙafa har ya bar kangarewa.

Ki kai shi can ya yi nesa da abokai da dila,
In ya daɗe bai ga ƙwaya ba zai samu natsuwa.

Ma'aikaciyar jinya, daga Kaduna:

Baba, ina gaisuwa, hadisin da ka kawo gaskiya ne,
Amma batun mari, ka gafarce ni, ba na amincewa.

A Satumbar 2019 'yan sanda suka buɗe wani gida a Rigasa,
Mutum kusan 300 suka fito da tabon duka da alamun yunwa.

Na ga waɗanda aka ɗaure, ranar da aka kwance su,
Wurin dila suka nufa kafin su je gida gaisuwa.

'Yar uwa, faɗuwar da ya yi a soro aikin tiramol ce,
Tana tayar da farfaɗiya idan abin da aka sha ya yi yawa.

Wadda likita ke rubutawa miligiram 50 ce ko 100,
Ta bayan fage takan kai 225, akasari daga Indiya ake kawowa.

Idan aka yanke ta lokaci guda jiki yakan yi bore,
Da gumi da amai da ciwon ƙashi da rashin barci da gudawa.

Shi ya sa likita ke janye ta sannu a hankali,
Yana kuma jin abin da ya tura yaron ga farawa.

Ku a Kano kuna da asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau,
Mu nan Kaduna muna da na tarayya a Barnawa.

Zuwa can ba ya nufin ɗanku ya haukace,
Kada ku bar shi ya mutu don tsoron bakin unguwa.

Malamin makaranta, daga Zariya:

Kuna maganar yaro, ni babban da ya miƙa masa nake tuhuma,
Da mai kemis da ba ya neman takardar likita wurin kowa.

A 2017 aka faɗa a zauren Majalisar Dattawa
Cewa kwalbar kodin miliyan 3 ake sha kullum a Kano da Jigawa.

A Mayun 2018, bayan BBC ta fallasa yadda ake fataucinsa,
Gwamnati ta ce daga ranar ba haɗawa, ba shigowa.

Kwalbar ta yi tsada, amma Auta yana samun ta har yau,
Ke nan akwai manyan da ke ci gaba da sayarwa.

Binciken 2018 na Majalisar Ɗinkin Duniya da hukumar ƙididdiga
Ya ce mutum miliyan 14.3 a Najeriya ke shan kayan bugarwa.

Miliyan 4.6 daga cikinsu dangin tiramol suke haɗiya,
Kuma a duk masu shan kayan maye huɗu, ɗaya mace ce, matar aure ko budurwa.

Hukumar NDLEA da aka kafa a 1989 tana bin masu fataucin ƙwaya,
Amma dilan bakin lungu mu muka san shi, mu ke ɓoyewa.

Wani matashi da ya daina, daga Gusau:

Yaya, ni na sha na bari, don haka ki ji daga bakina,
Babbar wahala tana jiran sa ne ranar dawowa.

Idan ya bi ta lungun da ya saba saye jikinsa zai tuna,
Bakinsa ya bushe, tafinsa ya yi gumi, zuciya na bugawa.

Kada ku ba shi kuɗi a hannu, ku saya masa abin buƙata,
Kada ya koma cikin waɗanda suka koya masa haɗawa.

Ni kawuna ne ya sa ni a shagon walda kusa da shi,
Tare muke zuwa masallaci, tare muke tasowa.

Da na koma sha bayan na bari bai kore ni ba,
Ya mayar da ni ga likita ba gori, ba tsawa.

Ku yi masa magana da safe kafin ya sha,
Wanda ya bugu ko an yi masa nasiha ba ya riƙewa.

Yayar Auta, daga Kano:

Baba, na gode, addu'arka muke nema, amma ba za mu kai shi mari ba,
Inna ta ce ko a mafarki ba ta son ganin ana ɗaurewa.

Na yi masa magana bayan asuba yadda ɗan uwa ya ce,
Ya yi kuka, ya ce shi ma ya gaji, ya kasa dainawa.

Kawunmu ya yarda zai raka mu Dawanau ranar Litinin,
Na sayar da 'yan kunnena don kuɗin mota da na dubawa.

Sai dai baron nan shi ke kawo rabin cefanen gidanmu,
In ya bar kasuwa, tuwon dare sai abin da nake samowa.

Malam, kai da ka san jama'a, da duk wanda ke da hanya,
Ku nuna mini mai sana'a a Kano da zai riƙe shi da kulawa.