Na tambayi wa ya biya kuɗin atamfarmu, an ce an saye ni

Tela Ɗan Yelwa:

Salamu alaikum jama'a. Ni tela ne a Garwa, ƙasar Kamaru, shekara 19 ina kan keke. Katin jam'iyya ɗaya nake riƙe da shi tun ina yaron shago, kuma ba zan faɗi sunanta ba, don kada zancen ya koma gardamar launin riga. A garinmu nake zaɓe, nan cikin Binuwai, kuma reshenmu na can yana shirin tsayar da lista, wato jerin 'yan takara, a zaɓen meri (ƙaramar hukuma) mai zuwa.

Makon jiya aka kawo mini atamfa turmi 120, a ɗinka wa matasa da mata. Na yi murna, aiki ne. Amma wanda ya kawo kafin alƙalami ba ma'ajinmu ba ne. Yaron wani Alhaji ne ɗan kwangila, ya zo bayan isha a kan moto, wato babur, kuɗin cikin baƙar leda, 'yan dubu goma-goma ɗaure da roba. Na jawo littafin rasit, sai ya ɗora tafin hannunsa a kai ya ce Alhaji ya ce ba sai an rubuta ba.

Wannan Alhajin shi ya gina ajujuwa biyu a garinmu a hannun mer (shugaban meri) mai ci, wanda muke yaƙa. Iskar farkon damina ta kwashe kwanon, yara suka koma gindin darbejiya. Shekara nawa muna hawa kan benci muna faɗin wannan labari a taro, ni da bakina. Kuma akwai abokin sana'ata shago na uku daga nawa, shi ke ɗinka wa ɗaya ɓangaren. Washegari na ga moton nan, da yaron nan, a ƙofarsa.

Ranar Lahadi na ɗaga hannu a taron reshe na ce a gaya mana wa ke biya, kuma me aka yi masa alkawari. Wani ya ce nawa aka ba ni. Wanda muka tashi tare ya ƙi ba ni hannu da aka watse. To ina tambaya: cin amanar jam'iyya ne mutum ya binciki aljihun da ɗan takararsa ke ci?

Dattijon Fitowa:

Ɗana, tambayarka ba haram ba ce, wurin da ka yi ta ne bai yi ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma a taron nan akwai kunnuwan da ba namu ba.

Bari in yi maka lissafi. Kowane ɗan takarar konseye, wato kansila, sai ya ajiye sefa 50,000 a baitulmali. Mafi ƙanƙantar lista mutum 25 ce, ka ga 1,250,000 ke nan tun ba a sayi litar mai ba. Ga takardu, ga wakilan da za su wuni a rumfunan zaɓe ba ci ba sha in ba ka ciyar da su ba. Ka gaya mini gaskiya, yaushe rabonka da biyan kuɗin kati? Waɗancan motocin hukuma ke kai su ƙauye. Mu in muka ce sai kuɗin da aka wanke da zamzam za mu karɓa, a gida za mu zauna. A ci zaɓen tukuna, ba a fafe gora ranar tafiya.

Malam Mai Ritaya, Marwa:

Dattijo, da girmanka, amma "a ci tukuna" ɗin nan tun 1992 nake jin ta. Kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski, kuma askin da kuɗin meri ake yin sa, ba daga aljihun mer ba.

Malam tela, ga yadda abin yake a takarda. Dokar zaɓe ta 2012 ta hana jam'iyya karɓar kuɗi daga ƙasar waje, ta kuma tanadi tallafin gwamnati na kamfen, kashi ɗaya kafin zaɓe, kashi ɗaya bayansa gwargwadon abin da aka samu. Amma attajirin gida da ya kawo leda da dare, babu allon da ake manna sunansa. Sashe na 66 na tsarin mulkin 1996 ya ce duk zaɓaɓɓe ya bayyana dukiyarsa shiga da fita, an yi masa doka a 2006, har yau ba a aiwatar ba. Saboda haka in ɗan jam'iyya bai tambaya ba, babu mai tambaya. Abokin hamayya in ya faɗa, a ce hassada ce. Kai ne maganarka ke da nauyi, shi ya sa ta yi musu zafi.

Kuma ku daina kashe zumunci a kan biyayyar da manya ba su ɗauke ta haka ba. A watan Maris na 1992 jam'iyyar hamayya ta UNDP ta ci kujeru 68 a majalisa, kafin shekarar ta ƙare Hamadu Mustafa da Isa Ciroma sun shiga gwamnati ba da yardar jam'iyyar ba. A 1997 shugaban jam'iyyar, Bello Buba Maigari, da kansa ya shiga. A 2025 su biyu, shi da Ciroma, suka fito daga gwamnati suka tsaya takarar shugaban ƙasa. Na san gidaje a nan Marwa da wa da ƙane suka daina gaisawa a kan kowane juyi daga cikin waɗannan.

Hajiya Mai Albasa:

Ni duk ban ga wanda ya tambayi me ya sa ake ba ɓangare biyu ba. Yayana yana da shaguna, kuma duk zaɓe sai ya ba kowa, buhun shinkafa nan, kuɗin mai can. Ba kwangila yake nema ba, tsoro yake ji kada wanda ya hau ya aiko masa 'yan haraji su sa wa ƙofa kwaɗo. Irin wannan a tausaya masa. Amma mai kwangilar da rufinsa ya tashi, ai wannan ba sadaka yake yi ba, shuka yake yi.

Ƙanena, ɗinka kayanka ka karɓi haƙƙinka, zare da wuta ba kyauta suke zuwa ba. Sai dai ka samu shugaban listar shi kaɗai, ba cikin taro ba, ka yi masa tambaya ɗaya: in mun hau, za a sake ba mutumin nan aikin makaranta? Ka dubi idonsa lokacin da yake amsawa. Mu mata da za mu sa atamfar mu yi rawa a rana, 'ya'yanmu ne a ajin nan.

Tela Ɗan Yelwa:

Na gode muku duka. Baba, ka kama ni a kan kuɗin kati, shekara uku ban biya ba, jiya na kai wa ma'aji duka har da na bana, na kuma ce ya ba ni rasit. Sai da ya yi neman littafin a cikin akwati.

Hajiya, na bi shawararki. Na same shi bayan asuba a zaurensa. Ya riƙe hannuna ya ce Alhaji mutumin kirki ne, rufin nan laifin kafinta ne. Mu da muka yi shekaru muna cewa sata ce. Na sake tambaya ko za a ƙara ba shi aiki, ya ce in sha shayi kada ya huce.

Kuɗin dai na rubuta su a littafina, da kwanan wata da sunan wanda ya aiko, ko yaron ya so ko bai so ba. Na yanka riguna 40, sauran turamen na jibge a kan tebur. Ranar Alhamis zai dawo da cikon kuɗin.